Tsintsiyar Aro

Awendjé, Libreville

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, ina fatan kin isa ɗakinki lafiya ke da yaron, kin kuma tarar da mai gidan da mutanensa ƙalau. Allah ya raya shi bisa tafarki, ya ba ki lafiyar shayarwa, ya tsare ku daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Babanki yana gaishe ki, ko da yake bai san na yi wannan rubutun ba, kuma ba sai ya sani ba.

Na san za ki yi mamakin tsintar takarda a ƙasan jakar kayan jariri. Kwana arba'in muna ɗaki guda, ina dafa miki ruwan wanka, ina dama miki kunun kanwa, ban ce miki komai ba ban da "tashi ki sha" da "juyo bayanki". Daga nan zuwa unguwarku ta London kuma taksi ɗaya ne, ga waya a hannun kowa. To amma ke ce ta fari, kuma sunan kakarki aka sa miki. Bakina ba ya buɗuwa a gabanki, haka aka raine ni, haka na tsufa. Alƙalami ne kawai ba ruwansa da kunya, shi ya sa na ba shi aikin. Rubutun na 'yar lakwal ne wadda bokonta bai yi nisa ba, ki bi shi a hankali.

Ga abin da ya zaunar da ni. Ranar da surukarki ta zo duba ku ita da ƙawayenta, ta ɗaga yaron sama tana yi masa rawa, ta ce, "Angona, sha nononka ka ƙoshi. Ran da aka yaye ka ɗakina za ka tare, ba mai raba ni da kai." Kowa ya yi dariya, har da ni. Ke ma kin yi, kin sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata. Amma ina zaune kusa da ke, na ga yadda kika damƙe bakin zanenki har jijiyar hannunki ta tashi. Na san wannan damƙar, na yi ta tun kafin mijinki ya san hagu da dama.

Ba zan ce miki matar nan muguwa ce ba, don ban ga mugunta a tare da ita ba. Abin da na gani shi ne gidanta yana kallon naki, butik ɗinta, shagon nan nata, kuma a bakin ƙofa yake, duk wanda ya shiga wurinki ko ya fita a idonta ne. Na taɓa zama irin wannan zaman, ban kuma iya shi ba. Zan gaya miki inda na ɓata, ke sai ki zaɓi abin da zai amfane ki.

Lokacin da aka kawo ni garin nan daga Maraɗi, babanki yana jan kamiyo ne, babbar motar ɗaukar katako, daga daji zuwa tashar jiragen ruwa ta Owendo. In ya tafi sai ya yi kwanaki, in ruwan sama ya ɓata hanya ya fi haka. Kakarki, wadda kika tashi kina kira Inna, ta riga ni zuwa; bayan rasuwar mijinta ne ya ɗauko ta don kada ta zauna ita kaɗai. Kin san gidan da muke haya a lokacin, wanda aka rushe aka yi bene a wurin: ɗakunan katako a jere, rufin kwano. Ɗakinta da nawa bango ɗaya ne, bangon kuwa allo ne kawai. In ta yi tari, daga kan gadona nake ce mata sannu.

Ban san kowa ba. Faransancina bai wuce gaisuwa ba, rogon nan da ake ƙunshewa cikin ganye ma ban san ci ake yi ba. Ita ce ta kai ni kasuwa, ta nuna mini mai gero da mai kuka da mai daddawa. Washegarin tarewata na sa sakata ina canja kaya, sai na ji ana tura ƙofa. Da na buɗe ta dube ni ta ce, "Ɗiya ba ta rufe wa uwa ƙofa. A nan ba ki da wata uwa sai ni." Daɗin maganar ya kama ni. Da hannuna na ɗauko wuƙa na kwance sakatar na ajiye a taga, wai don ta ga irin tarbiyyar gidanmu. Ki lura da kyau, ba ta ce in cire ba. Ni na cire.

Daga ranar ɗakin ya zama namu mu biyu. Ta shigo ba sallama, ta buɗe tukunya ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi yawa, ɗanta ba ya son haka. Ta buɗe akwatina ta sake jera zannuwa yadda ta ga ya fi. In babanki ya dawo daga daji, kafin ya cire takalmi tana zaune a bakin gado, ba za ta tashi ba sai ta ga ya suɗe kwano. Amarya guda, amma ban taɓa jin labarin hanya daga bakin mijina ba sai dai in tsinta yana ba uwarsa.

To ke, dawowa daga wanka sabuwar tarewa ce, kada ki bari ta wuce ki. Yanzu kina da dalilin da ba mai ja da shi: yaro yana barci. Ki sa sakatarki. In ta ƙwanƙwasa ki buɗe da sauri, da fara'a, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ba ta wuri mafi kyau, ki kawo ruwa mai sanyi. Amma dai ta ƙwanƙwasa. Za ta ji haushi, za ta yi habaici, wataƙila ta ce London ta koya miki zaman Turawa. Ki ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya," gobe ki sake sawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, naki bai bushe ba tukuna.

Ni da abin ya ishe ni, maimakon in kai shi inda zai yi amfani sai na kai shi bakin famfo. Hausawan Libreville nawa ne duka-duka? Suna ɗaya ake yi kowa ya hallara. Na gaya wa wata 'yar garinmu, wai don ta taya ni jin ciwo, cewa tsohuwar nan har naman miya take ƙirgawa. Wallahi kafin in kai bokitin ɗaki maganar ta riga ni isa. Da la'asar kakarki ta shigo da kwanon miyar da na kai mata, ta ajiye a gabana ta ce, "Ga shi, ki ƙirga da kanki, ni idona ba ya gani sosai." Ta juya ta fita. Daga nan duk abin da na faɗa, ko da gaskiya ce tsagwaronta, ya zama maganar mai tsegumi. Ke zamaninku ma ya fi namu haɗari, famfonku yana cikin waya. Abin da kika aika wa ƙawa da murya, ki ɗauka a kunnen surukarki kika faɗe shi.

Mutum ɗaya ce ta gaya mini gaskiya a lokacin, Maman Ngozi mai ɗinki, ta ɗakin ƙarshe. A Sabon Garin Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu. Ta ce, "Hajara, ke kullum 'to, to, to' a gabanta, a bayanta kuma kuka. Matar nan ba ta san kina jin zafi ba fa. Wa ya gaya mata?" Na ce, "Ku ai ba ku san kunya ba." Ta ce, "Haka ne, shi ya sa muke samun barci." Na yi kwanaki ba na gaishe ta saboda wannan maganar.

Babanki kuma, Allah ya sani ban yi masa adalci ba. Sai in tara abin mako guda a ciki, in jira ya dawo jiƙe sharkaf, jar laka har gwiwa, kafin ya sha ruwa in juye masa: Inna ta yi kaza, Inna ta ce kaza. Ya tsura wa bango ido, don ya san bangon yana ji. Can sai ya ce, "Uwata ce. Me kike so in yi?" Ni kuwa ban taɓa shirya amsar wannan tambayar ba. So nake ya ce ni ce mai gaskiya, shi kuma ko za a yanka shi ba zai ce uwarsa ta yi laifi ba. Da na ce masa, "Ina so ka mayar mini da sakata," da ya ɗauko guduma a ranar. Namiji ba ya iya yi wa uwarsa shari'a, amma yana iya buga ƙusa. In za ki yi wa mijinki magana, ki bari ya ci ya huta, kada ki kai ƙarar kowa, ki roƙi abu ɗaya wanda hannunsa zai iya yi.

Duk waɗannan ƙanana ne. Da a nan abin ya tsaya da ban ɓata takarda ba.

Da kika isa yaye, kakarki ta shigo da hantsi da sabon zanen goyo a kafaɗa. Ta ce, "Kawo ta. Kwana bakwai a wurina ta manta da nono." Wannan al'ada ce, kowa ya san ta, ni ma a ɗakin kakata aka yaye ni. Na miƙa ki ba tare da na dube ki ba, don uwar ɗan fari ba ta nuna damuwa. Na haɗa mata da 'yan rigunanki da ƙaramin kofinki.

Akwai abin da ban gane ba sai da na tsufa. A gida, in an kai yaro yaye, gaskiya ne uwa ba ta tambayar yaushe za a dawo da shi. Amma ba ta bukatar tambaya. Tana da gwaggo, tana da yayye, tana da uwarta. In kwanaki suka cika, ɗaya daga cikinsu za ta yafa mayafi ta je ta ce, "Mun zo ɗaukar baƙonku," a yi raha, a ba da shi. In kuma kaka tana son riƙo, manya ne za su zauna a yi magana, a san da yardar kowa. Kunyar tana da masu yi mata magana. Mu da muka zo nan, mun ɗauko kunyar cikin kayanmu, masu maganar kuwa muka baro su a Maraɗi.

Bakwai ta cika, ba a dawo da ke ba. Aka sake wata bakwai. Ina jin kukanki ta bango, ƙirjina ya kumbura ya yi tauri, in zauna in tatse a kwano in zubar a bayan ɗaki. In an yi ruwan nan na Libreville mai dukan kwano kamar ana zuba tsakuwa, sai in ji sauƙi, don ba na jin komai. Babanki yana daji.

Ran nan dai na ce yau sai na karɓo ki. Na yi wanka, na ɗaura zane mai kyau, na shirya maganar a bakina: "Inna, na zo ɗaukar yarinyar." Ba ta fi haka ba. Na yi sallama na shiga, ashe tana da baƙi, mata uku 'yan kartiye, makwabtanmu na unguwa, suna cin goro. Kina zaune a cinyarta tana ba ki kunu da ludayi. Da kika gan ni kika miƙo hannu biyu. Kakarki ta dubi baƙin tana dariya ta ce, "Kun ga 'yan zamani ko? Ta zo biɗar 'yar fari, ko kunya babu." Matan suka kwashe da dariya. Ba da faɗa ta faɗa ba, wasa take yi, ko kuma gwada ni take yi, Allah ne masani. Ni dai na ji kamar an tuɓe mini zane a kasuwa. Sai na ji bakina yana cewa, "A'a, Inna, tsintsiya na zo ara."

Ta ce, "Ga ta can bayan ƙofa."

Na ɗauki tsintsiya na fito. Hannunki yana miƙe har na saki labule. Ina da tsintsiya biyu a ɗakina a ranar.

Ban sake tambaya ba. Aka haifi ƙannenki, mutane suka saba cewa ke ɗiyar Inna ce. Kika tashi bango ɗaya da ni, kina kiranta Inna, ni kuma kina kirana Yaya Hajo, yadda kika ji 'yan gidan suna faɗa. Ita ta yi miki kitson sallah, ita ta raka ki lakwal ranar farko. In zazzaɓi ya kama ki, sai in dafa abin da na san kina so in kai in ce na Inna ne. Ba ta wulaƙanta ki ba, ko kusa. Ta shagwaɓa ki ma, har yau ba ki iya tuƙa tuwo ba gudaji ba, wannan aikinta ne ba nawa ba. Da ta rasu kin fara zama budurwa, kika yi kukan rashin uwa, ni kuma ina bakin murhu ina dafa wa masu ta'aziyya. Kika dawo ɗakina da akwatinki kamar baƙuwa. Na tuna kina tsayawa ki ce, "Yaya, in buɗe firigo?" alhali ƙannenki har kai suke zurawa cikin firijin.

Bayan sadakar arba'in ɗinta ne maganar riƙonki ta suɓuce mini a gaban babanki. Ya dube ni da mamaki na gaske, ya ce, "Kina so ne? Ai da kin faɗa. Ni na ɗauka ke kika bar mata don kunya. Inna ma cewa ta yi kin zo kin ga yarinyar ba ki ce komai ba, sai tsintsiya kika ara." Na tashi na shiga wanke-wanke. Shekarun nan duka na yi su ina ganin ƙwace aka yi mini. Ashe a wurinsu kyauta na yi.

Na ji zafin kakarki ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba, akwai lokacin da ko tarinta ba na son ji. Amma yanzu da na kai shekarunta na gane wani abu. Tsohuwa ce aka ɗauko daga garin da kowa ya san ta, aka ajiye a ɗakin katako, ba ta jin yaren gari, ruwa ya tsare ta wuni guda ba mai leƙo ta. Ɗakina ne kaɗai wurin da take da ta cewa, ke kuma ke ce kaɗai mai bukatarta. Surukarki ma ki dube ta da wannan idon. In kika rufe mata ko'ina, ta taga za ta shigo. Ki buɗe mata ƙofa da kanki, wadda ke kika zaɓa. Ki riƙa kai mata yaron da hantsi ya zauna a butik yana yi mata ɓarna, kafin azahar ki je ki ɗauko shi da hannunki, kullum, har ita da makwabta su saba ganin ana kai shi ana dawo da shi. Ki tambaye ta maganin haƙori ko da kin sani. Juma'a ki kai mata abinci da kanki ki zauna a yi hira. Wadda aka ba rabonta a faranti ba ta cika leƙa tukunya ba.

Maganar yaye kuwa, kada ki jira ranar. Akwai sauran lokaci, yanzu ne ake gyara ta, tun tana wasa. In ta sake cewa angonta zai tare a ɗakinta, ki yi dariya yadda kika yi, amma ki ɗora da cewa, "Ai Hajiya aro za mu ba ki, kwana bakwai, mu zo mu karɓi kayanmu." Ki faɗa a gaban mutane, cikin raha, ki maimaita duk lokacin da ta faɗa. Za a ce ba ki da kunya. An ce da ni ina da ita, har misali ake yi da ni a Awendjé, ga abin da ta saya mini. Mijinki kuma ki gaya masa tun yanzu, a fili, ba da habaici ba: "Ina son ɗana ya tashi a ɗakina." Kada ki bar shi ya yi zato, maza ba su iya zato ba.

In kuma kin duba zuciyarki kin ga kina so ki ba ta riƙon, wannan naki ne, ba zan ce komai ba. Riƙo ba laifi ba ne, mutane nagari da yawa a hannun kaka suka tashi. Amma ya zama ke kika bayar da bakinki kina sane.

In ranar ta zo, bakwai ta cika, kika shirya maganar kika ji ta maƙale, kada ki shiga ɗakin ke kaɗai, kada kuma ki ari komai. Ki kira ni. Ni ba ni da mai yafa mayafi ta je mini, ke kina da ita. Zan hau taksi in zo in yi sallama in ce mun zo ɗaukar baƙonku, in zauna in ci goronta har sai an goya mini shi a baya. Ban da wannan ba za ki gan ni a ƙofarki ba sai kin gayyace ni, don ni ma suruka ce a wurin wani, kuma London ba ta da nisa.

Na sa miki sauran kanwar a cikin leda, ki ci gaba da kunun ko da sau biyu a mako. Kada ki bar yaron a ƙarƙashin fanka bayan wanka. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da mijinki da mahaifiyarsa, ya sa ta ji daɗin jikanta, ke ma ki ji daɗin ɗanki. Allah ya jiƙan kakarki, ya yafe mata, ya yafe mini. Allah ya tsare shigarki da fitarki.

Tun da aka raɗa miki suna ban taɓa faɗinsa ba, na fari ce ke, kuma sunan surukata ne. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan". Abin da na shiga ɗakin nan in faɗa ban faɗa ba, bari in faɗe shi yau ko da ya makara.

Na zo ɗaukar ɗiyata. Sa'adatu.

Ni ce,
uwarki.